Littafin aiki: 'yar manhajar matse fayil da abin da mutane ke roƙo a ƙara mata

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na zauna na tattara duk abin da mutane suka roƙa tun da na fara raba 'yar manhajar nan a watan Oktoba. Wasu ta WhatsApp suka turo, wasu baki da baki suka faɗa mini a shago, wani ma a bayan rasit ya rubuta ya bar wa yaron shago. Na ƙirga talatin da ɗaya. Da na cire masu maimaita juna suka dawo goma sha huɗu.

Ga wanda bai san aikin ba, ba ni na ƙirƙiri dabarar matse fayil ba, ban ma isa ba. Injin da ke ƙasa 7-Zip ne, wanda Igor Pavlov ya fara fitarwa a 1999, kuma lasisinsa ya yarda a ɗauka a gina wani abu a kai. Ni riga kawai na ɗinka masa: taga ɗaya da na rubuta da Python, da maɓallai huɗu da Hausa, Matse, Kwance, Raba, Duba. Na yi ta ne saboda masu shagon buga takardu da masu hoton biki da ɗalibai, waɗanda in suka buɗe tagar 7-Zip suka ga akwatunan zaɓi sun kai goma sai su rufe su kira ni.

Buƙatar da ta fi kowace yawa ita ce “a sa ta riƙa matsewa sosai.” Mutum tara. Ita zan fara dubawa, ko da yake na san amsar ba za ta yi musu daɗi ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mai hoton biki na layinmu ya zo da kansa. Ya ce, “Malam, wannan abin naka ba ya aiki. Na sa hotuna na gigabait uku, ya fito mini da gigabait uku.” Na ce, “Alhaji, zauna mu gwada a gabanka.” Muka matse foldar hotunansa da matakin ƙarshe, ta ci minti ashirin da wani abu, ta rage abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Sai na ɗauko wani tsohon fayil na lissafin shago, rubutu zalla, ya koma ƙasa da kashi ɗaya bisa biyar na girmansa cikin ƙiftawar ido.

Na ce masa buhun auduga in ka hau kai ka tattake zai koma rabi, buhun tsakuwa kuwa ko mota ka ɗora masa yana nan yadda yake. Manhajar matsewa maimaici take nema: in ta ga jerin haruffan da ta taɓa gani, sai ta rubuta “koma baya kaza, kwafo kaza” a maimakon ta sake rubuta su. Hoton JPEG, da bidiyon MP4, da sautin MP3, an riga an tattake su tun a cikin kyamara ko waya, babu sauran iska a ciki. Har fayilolin Word da Excel na yanzu, masu ƙarewa da docx da xlsx, su kansu ZIP ne aka sauya musu suna. Wanda ke shakka ya canza ƙarshen sunan zuwa zip ya buɗe, zai ga foldoji a ciki.

Abin da na yi a manhajar shi ne, kafin ta fara sai ta leƙa irin fayilolin. In mafi yawansu hoto ne ko bidiyo, ta ce: “Waɗannan ba za su ragu ba. A ɗaure su wuri ɗaya kawai?” In an ce e, ta tara su ba matsewa. Aikin minti ashirin ya koma na minti biyu. Alhaji bai gamsu ba, ya ce shi dai ragi yake so. Na ce ragin da yake nema sai an rage ingancin hoton, kuma amarya ba za ta yafe masa ba.

Litinin, 27 ga Janairu

Hunturu ya sa mura, ban yi abin kirki ba. Na gyara girman haruffan taga don masu ƙaramin allo. Wani ya roƙi baƙar fuska irin ta dare. Na sa a ƙasan jerin.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wannan ita ce buƙatar da ta fi shiga raina, kuma mutum ɗaya ne kawai ya kawo ta. Wata malama da ke koyar da Hausa a sakandare ta ce ta matse foldar darussanta ta aika wa abokiyar aikinta, da aka kwance sai sunayen suka fito da wasu zane-zane. “Ƙa'idojin rubutu” ya koma abin da ba ya karantuwa, “ɗalibai” ya rasa kansa, “ɓangare na biyu” haka. Ta ce, “Ɗana, ko dai mu daina sa ƙugiya a sunan fayil?” Na ce, “A'a Malama, ke da ke koyar da ƙugiyar? Bari na gano inda gizo ke saƙar.”

Tarihi ne ya biyo mu. Phil Katz ya fitar da tsarin ZIP a 1989, zamanin DOS, kuma haruffan da aka tanada don sunan fayil su ne na jadawalin IBM mai lamba 437. Gurbi 256 ne kacal a cikinsa: haruffan Ingilishi, da 'yan wasu na Yammacin Turai, da layukan zana akwati. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Sai a 2006 aka ƙara wata alama a ƙa'idar ZIP, ɗigo ɗaya tak a kan kowane fayil, mai cewa “wannan sunan da UTF-8 aka rubuta shi,” wato da tsarin rubuta haruffa na Unicode mai ɗaukar har da masu ƙugiya. In mai matsewa ya ɗaga alamar, mai kwancewa kuma ya san ta, lafiya lau. In ɗaya ya yi sake, sai harafin ƙ, wanda bait biyu ne a UTF-8, a karanta shi a matsayin haruffa biyu na tsohon jadawali. Zane-zanen da Malama ta gani ke nan.

Na tilasta UTF-8 a duk ZIP ɗin da manhajar za ta fitar, da umarnin `-mcu=on`. Na haɗa foldar gwaji mai fayiloli goma sha biyu, kowanne da ƙugiya babba da ƙarama, har da sunan da ya fara da 'y mai waƙafi a sama. Na gwada a kwamfutoci uku da wayoyi biyu. Huɗu sun yi daidai. Ta biyar, tsohuwar kwamfutar da ke kusurwar shago, ta ci gaba da ɓata sunayen in an buɗe da abin kwancewar da ya zo da ita, amma ta yi daidai da manhajata. Tsarin 7z, wato irin ƙunshin da 7-Zip ya zo da shi, ba shi da wannan ciwon ko kaɗan, don tun asali da Unicode yake ajiye suna.

To me zai hana in mayar da kowa 7z? Waya. Yawancin wayoyin da mutanenmu ke riƙe da su suna buɗe ZIP ba sai an saka wata manhaja ba, 7z kuwa sai an nemo. Windows ma sai a 2023, a Windows 11, ta fara buɗe 7z da RAR da kanta, kuma kwamfutocin shagunanmu ba su kai can ba. Na bar ZIP a matsayin zaɓin farko. Gara fayil ya ɗan fi girma ya buɗu a hannun wanda aka aika wa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Mutum huɗu sun ce a ƙara RAR, wani nau'in matsattsen fayil irin su ZIP. Kwancewa tana yi tun farko. Ƙirƙira kuwa ba zai yiwu ba, kuma ba lalaci ba ne. Eugene Roshal ne ya ƙirƙiro RAR, sunan ma daga nasa aka ciro. An saki lambobin kwancewa ga kowa, amma da sharaɗi a rubuce cewa ba za a yi amfani da su a sake gina dabarar matsewar ba. Shi ya sa 7-Zip kansa, da duk shekarunsa, bai taɓa fitar da RAR ba. Na rubuta wannan a shafin tambayoyi don kada in riƙa maimaitawa.

Na tambayi ɗaya daga cikinsu me yake so da RAR ɗin. Ya ce shi dai ya saba ganin tarin littattafan nan masu launi. Ba wani abu ba.

Talata, 25 ga Fabrairu

Mai ɗaukar bidiyon walima ya kawo kuka: filas ɗinsa na gigabait 32 ne, babu komai a ciki, amma ya ƙi karɓar fayil mai gigabait shida. Ya ɗauka jabu aka sayar masa. Ba jabu ba ne. An tsara filas ɗin da FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait huɗu, komai faɗin wurin da ya rage. Ko a sake tsara shi da exFAT, ko a raba fayil ɗin. Shi bai yarda da na farko ba, don ya ce talabijin ɗin wasu kwastomominsa FAT32 kaɗai suke karantawa.

Maɓallin Raba yana nan tun farko, sai dai yana tambayar girma da lamba, mutane kuma ba su san lambar da za su sa ba. Na cire akwatin lamba na sa tambaya: “Ina za ka kai shi?” Imel, filas, ko WhatsApp. Gmail megabait 25 yake karɓa, amma saboda fayil kan ɗan kumbura in an maƙala shi a wasiƙa, na sa gutsuren ya zama megabait 18. Filas, megabait 3,900. WhatsApp tun 2022 yake ɗaukar fayil har gigabait biyu, amma ban sa biyun ba. Na sa megabait 200, don in sabis ya yanke a tsakiya, asarar data ba ta kai ta kuka ba.

Matsalar da rabawa ke haifarwa na riga na gan ta sau biyu. A sami gutsure biyar, 001 zuwa 005, mutum ya tura na farko kaɗai ya ce ya aika. Yanzu manhajar na rubuta ɗan fayil na rubutu a gefe: “Guda 5 ne. Sai an haɗa su duka a folda ɗaya, a buɗe na farko.” In kuma an zo kwancewa da gurbi, ta faɗi lambar wanda ya ɓata.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya shiga, aikin ya koma bayan tarawihi.

Abin da ya faru ranar Alhamis ya sa na ture jerin buƙatun gefe. Wata ɗaliba ta zo da kuka. Tana matse foldar aikinta na kammala karatu a wani shago, wuta ta ɗauke, kwamfutar ta mutu. Da aka tada janareto ta ga fayil ɗin 7z yana nan da sunansa, da girmansa mai kama da gaskiya, sai ta kwafe shi a filas ta goge asalin foldar don kada wani ya ɗauka. Ta je gida, ya ƙi buɗuwa.

Tsarin 7z a ƙarshen fayil yake rubuta jadawalin abin da ke ciki. In aiki ya yanke kafin a kai nan, an sami jiki ba kai. ZIP ma a ƙarshe yake ajiye babban jadawalinsa, amma kowane fayil a cikinsa yana da ɗan kansa a gabansa, don haka ana iya bi a tsinto waɗanda suka kammala. Allah ya taimake ta, foldar na kwandon shara na kwamfutar shagon, ba a zubar ba.

Laifina ne. Ni na bar rabin fayil ya sa sunan cikakke. Na gyara a daren: yanzu manhajar na rubutawa da suna na wucin gadi mai ƙarewa da “bai-gama-ba”, in ta gama ta bi ƙunshin gaba ɗaya ta gwada shi da lambar tantancewa ta CRC da ke kan kowane fayil, sai ya ci jarrabawa ta ba shi sunansa na gaskiya. Lokacin aiki ya ƙaru kaɗan. Ban damu ba.

Akwai buƙata ta bakwai a jerin: “in ta gama matsewa ta goge na asali da kanta.” 7-Zip na da umarnin yin haka, layi ɗaya zan ƙara. Na ja mata layi. Ba a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama ba.

Asabar, 22 ga Maris

Kalmar sirri. Wani lauya ne ya fara roƙa, sai wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini ya biyo baya. Na ɗauka aikin dare ɗaya ne, ya ci mini mako biyu, kuma ba rubuta lambobin ne ya ci lokacin ba, yanke shawara ne.

ZIP na da makulli iri biyu. Tsohon, wanda ake kira ZipCrypto, kowace kwamfuta na buɗe shi, amma tun 1994 Eli Biham da Paul Kocher suka nuna yadda ake karya shi in an san 'yan haruffa kaɗan daga abin da ke ciki. Sanin hakan kuwa ba wuya, don kowane irin fayil da yadda yake farawa. Sabon, AES mai bit 256, wanda WinZip ya shigo da shi tsarin a 2003, yana da ƙarfi, amma abin buɗe ZIP da ke zuwa a cikin Windows 7 da 10 bai san shi ba. Ka ga an shiga tsaka mai wuya: makullin da kowa zai buɗe har da ɓarawo, ko makullin da mai gida ma sai ya nemo kayan aiki.

Akwai kuma wani abu da lauyan bai sani ba. A ZIP, ko da AES ne, sunayen fayiloli a fili suke. Wanda bai da kalmar sirri zai iya ganin jerin, ya karanta sunan mai ƙara da wanda ake ƙara. A ɗakin gwajin jini kuwa, sunan fayil ɗin shi ne rabin sirrin. 7z ne ke iya rufe har sunayen.

Na yanke: in an danna kalmar sirri, manhajar ta koma 7z da AES, ta rufe sunaye, ta kuma gargaɗi mai aikawa cewa wanda zai karɓa sai yana da abin buɗewa. ZipCrypto ban sa shi ko a zaɓi ba. Lauyan ya ce, “To Malam, in na manta kalmar fa? Ka sa maɓallin dawo da ita.” Na ce, “Barista, in akwai maɓallin da zai dawo maka da ita, zai dawo wa magatakardanka da ita, da duk wanda ya tsinci filas ɗinka a Keke Napep.” Ya yi dariya ya ce zai rubuta a bayan littafinsa. Na ce kada dai ya tura ta a saƙo ɗaya da fayil ɗin.

Asabar, 5 ga Afrilu

Barka da Sallah. Na sabunta injin zuwa 7-Zip 24.09. Dalili: Windows kan yi wa fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet tambari, don ta yi gargaɗi kafin a buɗe. A sigogin da suka gabata an gano cewa in an sa ƙunshi a cikin ƙunshi, tambarin ba ya bin fayilolin ciki, kuma an yi amfani da wannan kafar wajen kai hari. A 24.09 aka toshe.

Sai ga wani abu da ban karanta da kyau ba kafin in sabunta. A wannan sigar an ƙara girman ƙamus, wato yawan abin da injin ke riƙewa a ka yana neman maimaici. A matakin ƙarshe ya tashi daga megabait 64 zuwa 256 a kwamfuta mai bit 64. Wajen matsewa kuwa LZMA, dabarar matsewar 7z, na cin RAM wajen ninki goma na ƙamus. Kwamfutar kusurwa ta yi tsaye cak, linzami ma ya ƙi motsi. Na ƙayyade ƙamus da hannuna zuwa megabait 32, na gwada da foldar takardu, bambancin girman bai kai a ɗaga kai a duba ba. Don kwatance, Deflate da ZIP ke amfani da shi kilobait 32 kawai yake waiwaya baya, kuma da shi duniya ta yi ta aiki fiye da shekara talatin.

Masu “a matse sosai” su tara ɗin nan, garin neman gira za su rasa ido.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Zafi ya yi yawa, fankar kwamfutata na kuka kamar injin markaɗe. Buƙatu biyu na rufe.

Fayil mai kwance kansa, wato exe da za a danna ya zazzage abin da ke ciki: a'a. Gmail ba ya karɓarsa, waya ba ta buɗe shi, kuma ba ni zan koya wa mutane danna exe ɗin da aka turo musu ba.

A koma sabon Python: shi ma a'a, tukuna. Siga ta 3.8 ce ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7, kuma na san shaguna biyar a ƙalla da ke kanta.

Asabar, 3 ga Mayu

Wani da ban sani ba ya yi ta turo saƙo mako biyu. Da farko shawarwari masu kyau, ɗaya ma na ɗauka. Daga baya sai ƙorafi: aikin na tafiyar hawainiya, mutane na jira, in ba ni da lokaci in ba shi dama ya riƙa saka gyara kai tsaye. Jiya wata lamba daban ta turo kusan kalmomin nan.

Mai yiwuwa bawan Allah ne mai zumuɗi, kuma 'yar manhajata ba ta kai abin da wani zai ɓata dare a kanta ba. Amma labarin xz bai bar ni na yi barci ba. Shi ma kayan matse fayil ne, yana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, kuma mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da shi a lokacin hutunsa. Sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare masu amfani. Sai wasu sunaye suka taso suna matsa wa Collin lamba, suna cewa aiki ya tsaya, buƙatun mutane sun taru, ya nemi mataimaki. Ya gaji, ya miƙa wa Jia Tan dama. An shafe fiye da shekara biyu ana wannan, sannan aka dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar shiga kwamfutar mutane, a siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya gano, Andres Freund, ba farautar ɓarawo ya fita ba. Ya lura ne shiga wata kwamfuta ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi, ya sanar ranar 29 ga Maris, 2024.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ta ƙofar buƙatun masu amfani aka shigo. Irin jerin nan nawa. Kowane mai ƙaramin aiki irin wannan yana jin kunyar jerin da bai gama ba, kuma wanda ya san haka ya san inda zai danna.

Na amsa masa da ladabi: ya turo gyaransa in karanta layi-layi, abin da na gane in saka, abin da ban gane ba ya jira. Makullin ma'ajiyar lambobin yana hannuna ni kaɗai. Na kuma fara rubuta lambar tantancewa ta SHA-256 a gefen kowace siga, don manhajar ta fi yawo ta Xender da filas fiye da inda na ajiye ta, kuma ban san hannu nawa take bi ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Tun da na shiga yanayin zargi, na duba ɓangaren kwancewa. Abu biyu na ƙara. Na ɗaya, kafin ta kwance ta lissafa girman da abin zai zama ta gwada da wurin da ya rage. Akwai wani sanannen fayil, 42.zip, kilobait 42 ne, amma in aka bi shi hawa-hawa aka kwance duka zai kai fetabait huɗu da rabi, wato gigabait miliyan huɗu da rabi. Na biyu, duk abin da za a kwance sabuwar folda ake buɗe masa, kuma in sunan wani fayil a ciki na ƙoƙarin hawa sama ya fita daga foldar, ta tsaya ta faɗa.

Malamar Hausa ta aiko saƙo: an kwance darussan zango na uku a makarantu biyu, ƙugiya ko ɗaya ba ta faɗi ba. Ta ƙara da gyara, wai “Kwance” na iya rikita mutum da kwanciya, ko zan sa “Warware”. Na tambayi mutum shida a shago, huɗu suka zaɓi nata. Na canza.

Lahadi, 1 ga Yuni

Saura buƙatu uku a jerin: sigar waya, baƙar fuska, da wadda Alhaji mai hoto ya kawo bayan wani filas ya ci masa rabin hotunan wani ɗaurin aure. Cewa ya yi, “Ka sa ta riƙa gyara kanta in ta lalace.” Na ɗauka wasa yake, ashe buƙata ce ta gaske, kuma a nan ne RAR ya fi mu. Yana iya ƙara wani kaso a cikin ƙunshi wanda ake cike gurbi da shi in wani yanki ya ruɓe. 7z ba shi da wannan. Abin ya fi muni in an matse fayiloli a dunƙule wuri ɗaya, yadda 7z ke yi in ba a hana shi ba, don lalacewa a tsakiya kan tafi da duk abin da ke bayanta a cikin dunƙulen.

Mafita ita ce PAR2, tsarin da ya fito a farkon shekarun 2000, wanda aka gina kan lissafin da Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa a 1960, irin wanda ke sa faifan CD mai ƙarzuwa ya ci gaba da waƙa. Ana ƙirƙirar 'yan fayiloli a gefen ƙunshin. In ka ware kashi goma cikin ɗari, za ka iya dawo da kusan kashi goma da ya lalace, ko ta ina lalacewar ta faɗo.

Daren jiya na gwada. Na ɗaure hotuna ɗari biyu, na yi musu PAR2 na kashi goma, na buɗe ƙunshin da manhajar gyaran bait na zuba sifili a wurare uku. Duba ta ce ya lalace. Na kunna gyara, ya dawo, lambar SHA-256 ta yi daidai da ta asali. Na sake yi, wannan karon na yanke kashi ɗaya bisa biyar daga ƙarshe. Ya ce guntayen gyara ba su isa ba, kamar yadda ya kamata ya ce.

Da safe na nuna wa Alhaji. Ya kalli girman ya ce, “Wato ni da na zo neman ragi, ƙari ka yi mini?” Na ce e, megabait ɗari uku a kan gigabait uku. Ya yi shiru, sannan ya ce in sa masa a kwamfutarsa kafin Babbar Sallah, yana da biki uku a makon.

Abin da ya rage kafin Juma'a: fayilolin PAR2 na fita da yawa, kuma na san za a bar su a baya kamar yadda ake barin 002. Zan gwada haɗa su zuwa ɗaya, in sa masa suna “kada-a-goge”. Sannan ban gwada gyaran a kwamfutar kusurwa ba, kuma ita ce za ta faɗi gaskiyar minti nawa zai ci.